Kano zuwa Guangzhou a jirgin sama: kilomita nawa ne, kuma wace hanya ce ta fi miƙewa?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na daɗe ina ba abokai sautu, bana kuma ina so in je Guangzhou da kaina in saro kaya. Na duba nisan garin a waya, wani shafi ya ce 10,900, wani ya ce 6,800, wani kuma 5,900. Wanne ne gaskiya? Ejan ɗina ya kawo mini tikiti uku: ta Adis Ababa, ta Alƙahira, da ta Doha. Maƙwabcina a kasuwa ya ce in bi ta Adis, wai ita ce miƙaƙƙiyar hanya, sauran duk zagaye ne. Na kuma lura awannin da aka rubuta na dawowa sun fi na tafiya. Don Allah a warware mini, kuma me ya hana a sa jirgi guda daga Kano kai tsaye?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya sa wa kasuwa albarka. Idan na fahimce ka, kana son sanin ainihin nisan da ke tsakanin garuruwan biyu, sannan ka san ko wannan nisa ne ya kamata ya zaɓa maka tikiti. Na yi shekaru ina aikin tsara hanyar jirage kafin su tashi, wato lissafa inda jirgi zai bi, da man da zai ɗauka, da filin da zai sauka idan wanda ya nufa ya ƙi. Da wannan idon zan ba ka amsa.

Lambobin nan uku da ka gani duk daidai ne, ma'auninsu ne ya bambanta. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou kusan kilomita 10,900 ne. Idan aka mayar da shi mil irin na Turawan Ingila da Amurka, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne, sai ya zama kusan mil 6,800. Mu kuma a harkar jirage, da ma'aikatan jiragen ruwa, da mil ɗin teku muke aiki, shi kuwa mita 1,852 ne, shi ya sa ya koma kusan 5,900. Shafukan da ka duba ba su saɓa wa juna ba.

Don ka ji girman abin: Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, saboda haka tafiyarka ta ninka ta Hajji sau uku da ɗoriya. Kewayen duniya gaba ɗaya kusan kilomita 40,000 ne, wato za ka ci fiye da rubu'inta.

Taswirar bango da abin da take ɓoyewa

Maƙwabcinka bai yi maganar banza ba, abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Idan ka shimfiɗa taswirar duniya irin ta makaranta, Kano tana digiri 12 arewa da Ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu tsakanin arewa da kudu, Guangzhou tana digiri 23, ka ja layi da rula tsakaninsu, layin zai ratsa ta wajen Yaman da tsakiyar Indiya. A wannan zane Adis Ababa tana nan kusa da layin, Doha da Alƙahira kuwa sun haura can sama. Matsalar ita ce duniya dunƙulalliya ce, taswira kuma shimfiɗaɗɗiya. Irin taswirar da muka fi sani, wadda Mercator ya fitar a 1569, an yi ta ne don matuƙan jiragen ruwa su riƙe kusurwa guda a kamfas, ba don auna gajeriyar hanya ba. Tana buɗa ƙasashen da suka yi nisa da Ikwaita, ta sa hanyar da ta bi ta arewa ta zama kamar ta fi tsawo.

Ka samu kankana, ka soka tsinke biyu a wurare masu nisa da juna, ka ɗaura zare ka ja shi ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya, babu wadda ta fi ta. Idan ka fere ɓawon ka shimfiɗa shi a faranti za ka ga sawun zaren ya zama baka. Wannan layin zaren shi ne 10,900 ɗin da ake faɗa.

Mu Musulmi ma da wannan lissafi muke fuskantar alƙibla, ko da ba mu lura ba. Mutumin da ke New York arewa maso gabas yake kallo in zai yi salla, alhali a taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da shi. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa in ka juyo ta gabas. Layin Guangzhou kuwa yana barin Kano a wajen digiri 64. Ka ga kusan in ka tsaya a sahu a masallacin kasuwa, gabanka ne hanyar Chaina.

Ga inda zaren ya bi. Daga Kano ya tsallaka kudu maso gabashin Nijar ta wajen N'guigmi, arewa da Tafkin Chadi, ya ratsa hamadar arewacin Chadi, ya shiga arewacin Sudan dab da iyakar Masar, ya haye Bahar Maliya, ya wuce ƙasan Madina kaɗan. Daga nan ya keta Saudiyya ya fita Tekun Fasha ta saman Katar, ya bi kudancin Iran da Pakistan, ya kai ƙololuwarsa a arewacin Indiya kusa da Delhi, wajen digiri 28 da rabi. Sannan ya fara gangarowa ta gefen duwatsun Himalaya, arewacin Myanmar, ya shiga kudancin Chaina. Abin lura a nan shi ne layin ya haura arewa fiye da Kano, fiye ma da Guangzhou ɗin kanta, kafin ya sauko.

Yanzu sai mu auna tikitinka uku da wannan zare. Kano zuwa Doha kusan kilomita 4,750 ne, Doha zuwa Guangzhou kusan 6,200, jimla 10,950. Kusan babu ƙarin komai, Doha a kan layin take zaune. Dubai ma haka. Ta Alƙahira, zangon farko kusan 3,100 ne, na biyu kusan 8,000, jimla 11,100. Ta Adis Ababa, kusan 3,300 da kusan 8,050, jimla ta kai wajen 11,350. Wato hanyar da aka ce maka ita ce miƙaƙƙiya, a cikin ukun ita ce ta fi tsawo.

To amma kada wannan ya sa ka ture tikitin Adis. Bambancin da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta kusan kilomita 400 ne, jirgi kuma yana cin wajen kilomita 900 a awa. Rabin awa ke nan, a tafiyar da za ta cinye maka yini da dare. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe: a tsakanin waɗannan hanyoyi, kilomita ba ta isa ta yanke hukunci ba. Wanda ya bi gajeriyar hanya ya zauna awa tara a zango yana jiran jirgi na biyu, mai doguwar hanya da jiran awa uku zai riga shi shiga kasuwa.

Inda nisa yake ƙaruwa da gaske shi ne idan tikitin ya fara mayar da kai baya. Kano zuwa Legas kusan kilomita 830 ne, kuma kudu maso yamma ka nufa, ka ba Chaina baya. Daga Legas zuwa Guangzhou a layin zare kusan 11,700 ne. Ka ga ka ɗora wa kanka sama da kilomita 1,600, ga canjin filin jirgi, ga ɗawainiyar kaya. Ta Abuja abin bai kai haka ba. Ka tambayi ejan ɗinka sosai, domin akwai tikitin da ake rubuta Kano zuwa Doha ko wani gari, amma jirgin sai ya sauka Abuja ya ɗauki mutane ko ya sauke kafin ya miƙa. Lambar jirgi ɗaya ba ta nufin babu tsayawa.

Jirgi ba ya bin zaren daidai

Duk lambobin da na ba ka na layin zare ne, lissafin duniya babu kowa a cikinta. Sama kuwa a rarrabe take. Kowane yanki akwai cibiyar da ke kula da shi: na Najeriya da sunan Kano ake kiransa a takardunmu, in ka fita ka shiga na Yamai ko na Njamena, daga nan na Khartum, haka har Chaina. Akwai hanyoyi da aka shata a sama, masu lambobi, da mahaɗu masu sunaye na haruffa biyar-biyar, jirgi yana tafiya daga wannan mahaɗa zuwa waccan. Kowace ƙasa sai an nemi izinin ratsa samanta, kuma kuɗi ake biya. Wani lokaci mukan zaɓi hanyar da ta ɗan fi tsawo don kuɗin ratsawarta ya fi sauƙi. A Chaina kuma soja ne ke riƙe da kaso mai yawa na sararin sama, jiragen fasinja hanyoyi ƙalilan aka ware musu, shi ya sa jinkiri a filayensu ba baƙon abu ba ne.

Sai yaƙi da rikicin siyasa, waɗanda su ne suka fi ba mai tsara hanya ciwon kai. Da faɗa ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, an rufe samanta, kuma Sudan ita ce ƙofar gabas ga duk wanda ya tashi daga arewacin Najeriya. Alhazan wannan shekarar sun gani da idonsu: tafiyar Jidda da aka saba yi cikin awa huɗu da wani abu ta ƙaru sosai, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi saboda mai. A watan Agusta na shekarar Nijar ma ta rufe nata saman bayan juyin mulki, jiragen da ke zuwa daga Turai suka riƙa zagayawa. Katar ta yi daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 jiragenta ba sa ratsa Saudiyya da Masar da Daular Larabawa da Bahrain, a lokacin zamanta a kan layin zare bai amfane ta da komai ba ga mai zuwa daga Afirka. Pakistan ta taɓa rufe samanta na watanni a 2019. Ka duba layin da na zana maka a sama, ka ga ƙasashe nawa daga cikin waɗannan yake ratsawa. Ni dai ban taɓa jin nauyin ƙara wa jirgi awa guda don kauce wa inda ake harbi ba, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Akwai kuma duwatsu. Zaren ya bi ta gefen Himalaya da tudun Tibet, inda ƙasar kanta ta haura mita 4,500 a yawancin wurare. Jirgi a can sama, ƙafa 35,000 zuwa 41,000, bai damu da dutse ba. Abin da muke lissafawa shi ne ranar da iskar cikin jirgi ta zube, ko inji ɗaya ya mutu. In iska ta zube dole matuƙi ya sauko da sauri zuwa wajen ƙafa 10,000, kusan mita 3,000, inda mutum zai iya numfashi da kansa, domin abin shaƙar iskar nan da ke faɗowa daga saman kujera na mintoci ne, a yawancin jirage bai wuce 12 zuwa 22 ba. A saman Tibet babu inda za a sauko, ƙasar ta fi wannan tsayin. Saboda haka jiragen da suka taso daga Tekun Fasha sukan lanƙwasa kudu, su bi filin arewacin Indiya, Bangladesh, Myanmar, su shiga Chaina ta wajen Kunming. Na Adis Ababa da ma ta kudu yake bi: mashigin Adan, Tekun Larabawa, ya shiga Indiya ta wajen Mumbai, ya fita ta wajen Kolkata. A kan teku kuma wata doka ce ke aiki, ta jirage masu inji biyu, cewa kada su yi nisa da filin sauka fiye da adadin mintocin da aka amince wa wannan jirgin, sau da yawa 180.

Idan aka haɗa waɗannan duka, nisan da jirgi ya ci a zahiri kullum ya ɗara na zare, wani lokaci da kaɗan, wani lokaci da ɗaruruwan kilomita. Nawa ne zai ɗara ranar tafiyarka, wannan ba a yanke shi sai 'yan awanni kafin tashi, bayan an duba hasashen iska da sanarwar hanyoyin da aka rufe. Jirgi guda, lamba guda, yana iya bin hanya daban Litinin da Alhamis.

Dalilin da dawowa ta fi daɗewa

Na sha jin ana cewa juyawar duniya ce, wai in ka nufi gabas ƙasa na tahowa ta tarye ka, ko akasin haka. Ba haka ba ne. Iskar da jirgi ke ciki tana juyawa tare da duniya, da jirgin da filin da ya baro da wanda ya nufa duk tafiya ɗaya suke yi. Abin da ke kawo bambanci iska ce.

A tsayin da jirage ke tafiya akwai wani zirin iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Da hunturu yana kwantawa a kan arewacin Afirka, Saudiyya, arewacin Indiya da kudancin Chaina, wato kusan a kan hanyarka. Gudunsa kan kai kilomita 200 a awa, a tsakiyarsa har ya wuce 300. Jirgi gudunsa a cikin iska yake yi, ba a kan ƙasa ba. A ce zangon Doha zuwa Guangzhou ne, kilomita 6,200, jirgi na gudun 900, iskar da ke bayansa kuma in an daidaita ta kama 100. A kan ƙasa 1,000 yake ci, ya isa cikin awa shida da 'yan mintoci. In ya juyo, iskar nan a goshinsa take, 800 yake ci, sai ya yi kusan awa bakwai da minti 45. Awa ɗaya da rabi ke nan tsakani, hanya ɗaya, jirgi ɗaya.

A wurin aiki, in jirgi zai yi gabas neman zirin nan muke mu saka shi a ciki, ko da za a ƙara kilomita. In zai yi yamma sai mu nemi tsayi ko hanyar da za ta kauce masa. Shi ya sa nake cewa gajeriyar hanya a taswira daban, gajeriyar hanya a agogo daban, kuma ta agogon muke bi, don ita ce ke rage mai. Babban jirgi irin Boeing 787 yana ƙona tan biyar zuwa shida na mai a kowace awa, kowane minti goma kuɗi ne mai yawa.

Da damina lamarin yana sauyawa. Zirin yamma yana janyewa arewa, a saman kudancin Indiya da Tekun Larabawa kuma wata iska ce ke tasowa daga gabas ta nufo Afirka. A lokacin bambancin tafiya da dawowa yana raguwa, musamman a hanyar Adis da ta fi kusa da Ikwaita. In don baje kolin Canton na can Guangzhou za ka je, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, ɗaya a Afrilu zuwa farkon Mayu, ɗaya a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, za ka tarar da iskar yamma tana nan, ba dai da ƙarfin Janairu ba.

Ka kuma sani awannin da ke kan tikiti ba na shawagi kaɗai ba ne. Ana ƙirgawa daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake fake har ya tsaya a wancan gefen, da jerin gwanon jiran titi, da ɗan rarar da kamfani ke sakawa don kada a ce ya makara.

Agogo ma yana rikita mutane. Chaina tana gaban Najeriya da awa bakwai, kuma ƙasar duk girmanta lokaci ɗaya take bi. Adis Ababa da Doha suna gabanmu da awa biyu. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne. A ce ka tashi Kano ƙarfe 1 na rana Litinin, ka sauka Guangzhou ƙarfe 4 na yamma Talata. A ido awa 27 ne, amma ka cire bakwai, tafiyar awa 20 ce: wajen 15 a sama, sauran a zango. In za ka dawo sai ka ƙara bakwai ɗin maimakon cirewa. Wani abin da za ka ji a jikinka shi ne mai tafiya gabas rana gudu take masa, dare gajere ne, asuba na riskarsa tun bai gama barci ba, lokutan salla suna matsowa kusa da juna. Mai dawowa yamma kuma yininsa miƙewa yake. Kafin ka tafi ka zauna da malaminka a kan hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, in kuma tafiyar ta faɗa cikin azumi ka tambaye shi har da wannan.

Me ya hana jirgi guda kai tsaye?

Ba gazawar jirgi ba ce. Boeing 787-9 yana iya cin wajen kilomita 14,000 bai sauka ba, kuma akwai jirgin Singapore Airlines da ke tashi daga Singapo zuwa New York, sama da kilomita 15,300, wajen awa 18 zuwa 19 a sama. Kano zuwa Guangzhou kai tsaye wajen awa 13 zai ɗauka. A da ne nisa yake tilasta zango. Jiragen farko da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso, suka yi kwanaki suna tafe suna yada zango. Daga baya Kano ta zama matsayar shan mai ga jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, wannan ne ya ɗaukaka filinmu a shekarun 1950. Da jirage suka iya dogon zango sai suka riƙa wuce mu ta sama.

Yau abin da ke hanawa kasuwa ce, kai kuwa ka fi ni sanin kasuwa. Jirgi mai kujera 250 zuwa 300 sai an cika shi tafiya da dawowa, mako bayan mako, har a watannin da ba a saro kaya. Sai an samu masu sayen kujerun gaba masu tsada, domin su ne ke ɗauke kaso mai yawa na kuɗin tafiya. Sai an samu kayan da za a zuba a cikinsa ta ɓangarorin biyu, alhali kayan Chaina zuwa nan sun fi namu zuwa can nesa ba kusa ba. Dogon zango kuma yana da wani haraji na ɓoye: man da za a ƙona a awa ta goma sha biyu sai an ɗauke shi tun daga tashi, ɗaukarsa ma mai yake ci. Ga man ko-ta-kwana da doka ta wajabta, na zuwa wani filin in na farko ya ƙi, da na shawagin minti 30 a kan wannan.

Kamfanonin Habasha da Masar da Katar sun warware wannan da tattarawa. Su kwaso mutum arba'in daga Kano, sittin daga Legas, wasu daga Akara, Duwala, Njamena da Yamai, su haɗa su a gida, su cika babban jirgi guda zuwa Guangzhou. Zangon da kake gani kamar ɓata lokaci shi ne ya sa kuɗin tikitin bai fi haka ba.

Zafi da tudu ma suna da hannu. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai, sai a rage wa jirgi nauyin da zai tashi da shi. Kano a watan Afrilu da rana tana kai digiri 40. Adis Ababa kuma filinta yana sama da mita 2,300 daga teku, shi ya sa jiragensu masu zuwa Amurka suka saba tsayawa shan mai a hanya, kuma yana cikin dalilan da dogayen jirage suka fi son tashi da dare. In wata rana aka ce maka jakarka ba ta biyo jirginka ba sai na gobe, wani lokaci wannan lissafin nauyin ne ya jawo.

Yadda zan zaɓa in ni ne

Ka sa ejan ya rubuto maka jimlar awannin kowane tikiti daga Kano har Guangzhou, da tsawon jiran zango, tafiya da dawowa. Ni ina son jiran da ya kama awa uku zuwa biyar. Ƙasa da awa biyu yana da daɗi a takarda, amma jinkiri kaɗan daga Kano ya isa ya sa ka tarar jirgi na biyu ya rufe ƙofa, ko kai ka shiga jakarka ba ta shiga ba. In tafiyarka ta faɗa tsakanin Disamba da Fabrairu ka ƙara wa wannan muhimmanci. Hazon hunturu yana rufe filin Kano har a kasa ganin titi, jirgin da zai zo ya ɗauke ku ya yi ta shawagi ko ya karkata Abuja. A irin waɗannan ranaku mukan ƙara wa jirgi mai tun daga inda zai taso saboda mun san zai yi jira, amma ƙarin mai ba ya mayar wa fasinja jirgin da ya wuce shi.

Ka tabbata tikitin guda ne daga farko har ƙarshe, ba guntaye biyu da aka saya daban-daban ba. In guda ne, kamfani ne ke da alhakin sa ka a jirgi na gaba idan jinkirinsu ya sa ka rasa naka, kuma jakarka tun daga Kano za a yi mata alamar Guangzhou. In biyu ne, asarar taka ce, wataƙila ma sai ka fita ka karɓi kaya ka sake awo, wanda zai iya buƙatar bizar ƙasar zangon. Ragin da ake samu a irin wannan haɗe-haɗe, araha ce da ba ta ado. Jira mai tsawo sosai kuma ka tambaya ko kamfani na ba da masauki, ka sa a nuna maka a rubuce.

Tunda saro kaya za ka yi, ka duba kilo nawa kowane tikiti ya ba ka na dawowa, da kuɗin kowace ƙarin jaka, domin wannan zai iya cinye bambancin farashin gaba ɗaya. Manyan dilolin da ma ta ruwa za su biyo, su yi sama da wata guda kafin su iso Legas, samfura da ƙananan kaya masu tsada ne za ka riƙo a hannu. Ka duba kuma ƙarfe nawa za ka sauka. Filin Baiyun yana wajen kilomita 30 arewa da tsakiyar gari, akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke zuwa har can, amma ba ya kwana yana aiki. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, bai jin yaren, sauka da rana ya fi, ka isa unguwar Xiaobei ko Sanyuanli inda 'yan uwanmu suka fi sauka tun ido na ganin ido. Kada ka sa ganawa da masu kaya a ranar da ka sauka. Awa bakwai ɗin nan sai jikinka ya yi 'yan kwanaki kafin ya karɓe su, ciniki kuma da kai a sake ake yinsa.